Babi na Shida: Kiɗan da Ba Ya Neman Taro

A zango, kiɗa na jama'a ne. Idan za a yi suna a Madina ta Akra, tun da hantsi ake datse layi, a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a girke manyan lasifikoki a bakin kwata, har mai gidan da ke layi na uku sai ya san an haihu. Haka biki, haka walimar sauka, haka Mauludi. Wanda ya rage sauti ranar hidimarsa, gobe za a ce ko rowa ce, ko akwai abin da yake ɓoyewa. A cikin wannan ɗabi'a na tashi, kuma ina ganin dalilinta. Mutanen da suka kafa Madina a 1959 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo, bayan an tashe su daga Shiashie kusa da filin jirgin sama, baƙi ne a ƙasar mutanen La. Baƙon da aka taɓa tasa yana so a ji duriyarsa, don kada a sake mantawa da cewa yana nan.

Da wannan murya samarin unguwar Nima suka shiga waƙar zamani. Ƙungiyar VIP a titunan Nima ta taso cikin shekarun 1990, suna haɗa Hausa da Twi da Turancin buroka, har waƙarsu "Ahomka Womu" ta 2003 ta mamaye ƙasar, aka ba su kambun gwarazan mawaƙan Gana a 2004. Bikin Sallafest da suka riƙa shiryawa a Nima lokacin Sallah ya nuna abin da zango ke nema a wurin kiɗa: a cika titi, a girgiza ƙasa, kowa ya ga kowa.

Amma akwai wani kiɗan da ke yawo a unguwannin nan wanda ba a jin sa daga waje. Masu sauraronsa ba su da yawa, kuma ba su san juna ba. Za ka gan su a kujerar baya ta tiro-tiro, ko a bakin shagon ɗinki bayan an tashi aiki, iyafis a kunne, ido a wani wuri. Gangar kiɗan tana tafiya a hankali, bugu 70 zuwa 100 a minti ɗaya, ƙasa da saurin yawancin kiɗan rawa na Akra. A ƙarƙashinta akwai amo mai kauri da ake ji a ƙirji. Fiyanon lantarki yana sakin sautuka irin na jaz, waɗanda ba sa sauka inda kunne ya sa rai, sai su bar mutum a rataye. A saman duk wannan sai ga muryar mace, ƙasa-ƙasa, rabinta iska, kamar uwa ce ke magana da dare a ɗakin da yara suke barci.

Mujallar Mixmag ta Ingila ce ta laƙaba wa wannan salo suna trip-hop a 1994, sunan da masu yin kiɗan da kansu ba su taɓa ƙauna ba. Mahaifarsa Biristol, tashar jiragen ruwa a kudu maso yammacin Ingila, garin da ya yi arziki da cinikin bayi a ƙarni na 18, wanda jiragensa suka sha yada zango a gabar tekun nan tamu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan suka zauna a unguwar St Pauls, suka zo da al'adarsu ta jera lasifikoki a titi. Daga cikin wata ƙungiyar masu irin waɗannan lasifikoki, The Wild Bunch, aka samu Massive Attack, waɗanda suka fitar da kundin Blue Lines a 1991. Sun ɗauki gangar hip-hop ta Amurka suka rage mata gudu, suka zuba mata amon kiɗan Jamaika, suka kawo mata mawaƙa masu taushin murya. Wato kiɗan nan na kaɗaici a unguwar baƙi aka haife shi, cikin hayaniya irin tamu, kuma wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa abin Turawa ne tsantsa da bai shafe mu ba.

Kundin da ya fi kowane tsayar da siffar salon shi ne Dummy na ƙungiyar Portishead, wanda ya fito a 1994 ya ci kyautar Mercury a 1995. Geoff Barrow, mai haɗa kiɗan, yaron situdiyo ne lokacin da ake aikin Blue Lines. Ya haɗu da mawaƙiya Beth Gibbons a wurin wani kwas da gwamnati ke yi wa marasa aikin yi masu son kafa sana'a. Na ukunsu, Adrian Utley, ya daɗe yana kaɗa jita a ƙungiyoyin jaz. Yadda suka yi aikin abin a tsaya a duba ne. Wani lokaci su yanko ɗan guntu daga tsohon faifai, kamar yadda suka ɗauko tushen waƙar "Glory Box" daga wani kiɗan Isaac Hayes na 1971. Wani lokaci kuwa su kaɗa nasu, su sa a buga musu shi a faifan garmaho, sannan su jefa faifan ƙasa su tattaka shi har ya yi zane, daga nan su sake ɗaukar sautinsa da duk ƙarar tsufan da ya samu. Sun so sabon kiɗa ya zo wa kunne da ƙurar shekaru a jikinsa. A 1995 Tricky ya fitar da Maxinquaye, inda muryar Martina Topley-Bird take tafe a kan raɗarsa, a 1998 kuma Elizabeth Fraser ta rera "Teardrop" tare da Massive Attack.

Ita wannan murya, ba kowane zamani ne zai iya haifar da ita ba. Kafin 1925, mai son a ɗauki waƙarsa sai ya tsaya gaban wani babban ƙaho ya kware baki, don ƙarfin muryarsa ne ke motsa allurar da ke zana faifan. Da makirufo na lantarki ya zo, sai raɗa ta samu hanyar fita duniya. Billie Holiday ba ta da muryar cika fili, amma ta san yadda ake kusantar makirufo a yi masa magana. Astrud Gilberto ta Barazil, wadda waƙarta da mai busa Stan Getz ta zaga duniya a 1964, kusan ba ta ɗaga murya sam. Akwai dalili na fasaha a nan: yawancin makirufon situdiyo, idan baki ya matso kusa da su sosai, sukan ƙara wa murya kauri da ɗumi. Sannan injiniya ya sa na'urar da ke danne sauti mai ƙarfi ta ɗago mai rauni, sai jan numfashi da motsin leɓe su fito fili daidai da kalmomin. Abin da wani injiniya zai goge a matsayin datti, a wannan salo shi ne kayan aikin.

Mu kuwa mawaƙanmu mata a fili suka koyi sana'a. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, dole muryarta ta haye saman ƙwarya da guɗa da surutun mata a tsakar gida, shi ya sa take da kaifi da ƙarfi. Da zamanin finafinan Kano ya zo, sai aka koma siririyar murya ta sama irin ta mawaƙan Indiya, aka bi ta da kwamfuta ana gyarawa har ta yi sumul. Kowanne da daɗinsa. Sai dai a duka biyun da wuya ka ji numfashin mace: a na farko taro ya haɗiye shi, a na biyu kwamfuta ta share shi.

'Yar ƙanwata ce ta sa na zauna na saurari wannan kiɗa da gaske. Ma'aikaciyar jinya ce, tana yawan aikin dare, kuma a gidan haya take a Madina, ɗaki ɗaya da mahaifiyarta da ƙannenta. Wata safiya muka shiga mota ɗaya daga tashar Madina zuwa cikin gari. Yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja, rediyon direba yana ta muhawarar siyasa, wani mai tallan magani ya miƙe yana bayani. Sai ta zare iyafis ɗaya ta miƙo mini.

"Kawu, sa wannan. Kar ka ce komai sai ta ƙare."

Abin da na fara ji shi ne ƙaiƙayin tsohon faifai, sannan ganga mai nauyi, sannan wata ta ja numfashi dab da kunnena kafin ta furta kalmar farko. Wannan jan numfashi shi ya kama ni. Kunnena ɗaya yana cikin motar da duk hayaniyarta, ɗayan yana wani ɗaki da babu kowa sai mace guda da damuwarta. Da waƙar ta ƙare na ce da ita, "Ke kuwa 'yata, me kike ji a wannan, ga shi ko rawa ba a yi da shi?"

Ta ce, "Kawu, a gida ba ni da ɗaki, a wurin aiki kowa kirana yake. Idan na sa wannan, babu mai neman komai a wurina."

Na daɗe ina juya maganar nan. Gidan haya na zango gida ne na rufin asiri da taimakon juna: ba ka kwana da yunwa maƙwabci yana da tuwo, ba ka rashin lafiya kai kaɗai. Amma gida ne kuma da mace ba ta da inda za ta yi kuka ba a tambaye ta dalili ba. Bango siriri ne, famfo ɗaya ne, tsakar gida ta kowa ce. Mutumin da ya wuni yana ɗaukar nauyin wasu yana bukatar wurin da zai sauke nasa, kuma ga mutane da yawa a Madina da Maamobi wurin nan bai wuce tsawon igiyar iyafis ba. Kiɗan rawa yana cewa ka manta da damuwarka. Wannan kuwa yana barin ka da ita, sai dai yana zama kusa da kai har ta lafa. Ni a ganina wannan ma aiki ne na kiɗa, kuma aiki ne mai daraja.

Kunnen Akra bai zo wa jaz a baƙo ba. Louis Armstrong ya sauka a garin nan a watan Mayu na 1956, E.T. Mensah da makaɗan haylayif suka tarye shi. A wannan tsakanin ne Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, yake Amurka yana shigar da gangunan gida cikin jaz. Iyayenmu kuma sun sha Sade a kaset, haifaffiyar Ibadan a 1959, wadda kundinta Diamond Life na 1984 ya koya wa direbobin tasi da masu shaguna cewa mace tana iya rera waƙa a natse ta kuma mallaki wuri. A nan Madina Farfesa J.H. Kwabena Nketia ya zauna, babban masanin kiɗan Afirka da ya rasu a 2019, kuma a unguwar ne jikansa M.anifest ya girma, wanda ya yi aiki da Tony Allen da Damon Albarn, ya kuma sa wa kundinsa na 2021 suna Madina to the Universe. A yau, idan ana neman murya mai iska a Gana, sunan Amaarae ake fara kira. An haife ta a New York a 1994, ta tashi tsakanin Amurka da Akra, kuma kundinta The Angel You Don't Know na 2020 ya kai siririyar raɗarta ƙasashe da dama. Kiɗanta ya fi na Biristol gudu da walwala, yawancinsa na rawa ne, amma ta tabbatar wa 'yan matan garin nan cewa ba sai an yi ihu ake cin kasuwa ba.

Wanda ya fi kusa da mu a wannan layi shi ne Mamman Sani. A Akra aka haife shi a farkon shekarun 1950, ya tashi a Nijar. Yana aiki da UNESCO ya sayi wani fiyanon lantarki ƙirar Orla na Italiya, na hannu, daga wani abokin aiki ɗan Ruwanda. Da wannan na'ura guda ya riƙa ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na Nijar yana kaɗa su a hankali, da 'yar gangar da ke cikin na'urar tana bugawa a ƙasa. Shekara da shekaru gidajen rediyo da talabijin na Yamai suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane sun haddace shi ba tare da sun san mai shi ba. Kaset ɗin da ya ɗauka a gidan rediyon ƙasa kwafi kaɗan aka buga, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, duniya ta waiwayo. Duk wanda ya saurare shi zai ji kewa da faɗin sahara a ciki, kuma zai lura ya riga mutanen Biristol da fiye da shekara goma wajen gane cewa na'ura ma tana iya yin tagumi. Abin da babu a kiɗansa shi ne muryar mace.

A nan dole a tsaya, domin mai karatu ɗan zango ya riga ya yi tambayar a zuciyarsa. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa kansa, sun kuma yi saɓani a kan ko muryar mace al'aura ce, kuma a Suratul Ahzab akwai ayar da ta gargaɗi matan Annabi (SAW) game da lanƙwasa murya a gaban maza. Hukunci na malamai ne, kowa kuma ya san malamin da yake bi. Abin da mai sauraro zai iya shaida shi ne murya mai taushi ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda aka yi don ta da sha'awa, masu tallan turare da barasa sun cika talabijin da ita, kuma ba ita nake karewa ba. Akwai kuma wadda ta yi ƙasa saboda nauyin abin da take ɗauke da shi. Beth Gibbons takan tsaya a dandali ta rungume sandar makirufo, ido a rufe, da wuya ta kalli jama'a, kuma shekaru da yawa tana guje wa 'yan jarida. Waƙoƙinta na kaɗaici ne da gajiya da neman a ɗauke ta mutum. Kunnen da ya san bambancin kukan gaske da na kissa zai raba waɗannan biyun cikin minti ɗaya.

Kuma wannan murya ta biyu muna da ita tun kaka da kakanni, a cikin gida take, ba a fito da ita ba. Waƙar reno da ake yi wa jariri a goye. Waƙar niƙa da mace take yi ita kaɗai a gaban dutse da asuba, inda take faɗin abin da ba za ta iya faɗa wa miji ko kishiya ba. Sai shantu, doguwar ƙwaryar nan mai baki biyu da mata ke bugawa a cinya suna toshe ɗaya bakin da tafin hannu, mai amo mai zurfi da taushi wanda ba ya tsallake katanga. Duk abin da makaɗan Biristol suka sha wahalar ƙerawa da na'ura, amon da ake ji a ƙirji, bugun da ba ya gaggawa, muryar da ke magana da kanta, yana nan a ɗakin amarya da ɗakin mai jego. Abin baƙin ciki, injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, kuma a zangunan Akra 'yan mata da yawa ba su taɓa riƙe shantu ba.

Na taɓa zama da wani yaro mai haɗa kiɗa a Maamobi, a wani ɗaki da bai fi a shimfiɗa katifa biyu ba. Kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya, bango an manna masa katifar soso. Da rana aikinsa waƙoƙin biki ne da na 'yan siyasa, su ke kawo kuɗi. Idan yana son ɗaukar murya ƙasa-ƙasa kuwa, sai tsakanin ƙarfe ɗaya na dare da kiran assalatu, lokacin da babura suka daina wucewa, kuma sai an kashe fanka, don makirufon da aka buɗe ya ji numfashi zai ji komai. Cikin zufa ake aikin. Ya kunna mini wani abu da ya fara: muryar kakarsa da ya ɗauka da waya tana yi wa jaririn gidan waƙa, ya sa mata ganga a ƙasa da sautin fiyano uku kacal. Bai gama ba, kuma gangar ta yi wa muryar nauyi. Na ce masa ya nemo shantu ya gwada a madadinta. Amma ko a hakan, ban taɓa jin Hausa ta zauna a kan kiɗan lantarki da irin wannan natsuwa ba. Harshenmu mai karin sauti ne, hawa da saukarsa waƙa ce tun kafin a sa masa kiɗa, kuma idan aka rage gudu sai wannan ya fito sarai.

Na tambaye shi ko tsohuwar ta san abin da yake yi da muryarta. Ya ce bai gaya mata ba tukuna. Sai na ba shi labarin Afunakwa, wata mata daga tsibirin Malaita a tsibiran Solomon. Masanin kiɗa Hugo Zemp ya ɗauki waƙar renonta, UNESCO ta buga ta a faifai a 1973. A 1992 wasu Faransawa biyu masu suna Deep Forest suka ɗora muryar a kan gangar lantarki, suka kira waƙar "Sweet Lullaby". Kundin ya sayu da miliyoyi, aka yi tallace-tallace da waƙar, amma ba a sa sunan matar a jikinsa ba. Steven Feld, wanda daga baya ya zauna da makaɗan Akra ya rubuta littafi a kan jaz ɗin garin, shi ya bi diddigin wannan zalunci ya rubuta shi a shekarar 2000.

A Gana, dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta ɗora haƙƙin waƙoƙin gargajiya a hannun shugaban ƙasa amana ga jama'a, kuma mai son cin kasuwa da su sai ya nemi izinin hukumar kula da al'adun gargajiya ya biya. Kuɗin nan asusun gwamnati yake shiga, ba ya biyo lungu ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da ta rera. Saboda haka na ce wa yaron ya je ya durƙusa gaban kakarsa ya kunna mata abin da ya yi, ya ji ko ta yarda a fitar da muryarta waje, ya rubuta sunanta a jikin waƙar idan ta amince, ya yanka mata kasonta tun kafin kwabo ya shigo. Ainihin muryar kuma, wadda babu ganga a kanta, ya kai kwafi ɗaya ma'ajiyar sautuka ta Cibiyar Nazarin Afirka da ke Legon, wadda ke ɗauke da sunan Nketia, inda ake adana abubuwan da aka ɗauka tun shekarun 1950. Daga tashar Madina mota ɗaya ce.